Motar Bikon Seu Valdomiro

A garinmu Campo Manso, idan mutum ya ɓata wa matarsa rai har ta yi yaji, ba ya wahalar da kansa da neman dattawa. Seu Valdomiro yake nema. Seu ɗin kalmar girmamawa ce a nan, kamar a ce Malam, mace kuwa a ce mata Dona. Da yamma, lokacin da kowa ya fito da kujera ƙofar gida, sai a ji wani kiɗa mai sanyi yana tahowa daga bakin titi, sai ga tsohuwar mota ja, jikinta duk zanen zuciya, da manyan lasifika biyu a kanta. Ta tsaya a ƙofar gidan da aka nufa. Valdomiro ya fito cikin farar riga, fure a hannu, ya gyara murya, ya karanta wa matar saƙon mijinta, unguwa gaba ɗaya tana saurare. Mata su yi ta share hawaye da bakin riga, maza su yi ta kallon ƙasa, don kowa ya san nasa yana tafe. Wadda aka zo dominta kuwa, ko don kunyar maƙwabta ma sai ta fito.

Ba da wannan sana'a ya tashi ba. A wata gona aka haife shi, inda ubansa yake kiwon shanun wani. Da masu waken soya suka saye ƙasar suka kawo injuna, sai aka wayi gari ba a bukatar mutane, suka kwaso tukwanensu suka dawo gari. Ya yi aiki a injin yanka katako har itatuwan suka ƙare aka rufe wurin. Ranar wani bikin coci, mai gwanjon gasassun kaji ya sha ya yi tatul, aka miƙa wa Valdomiro makirufo don dai kada kajin su huce. Nan garin ya fara jin muryar da Allah ya ba shi, mai kauri, mai taushi, irin wadda ko farashin albasa ta faɗa sai ka ji kamar ana lallashinka. Tun daga nan ya samu abin yi. Da safe sanarwar rasuwa da cigiyar kare ko saniya, da rana shelar rangwamen nama a kanti, da yamma biko.

Kowa ya san murya ce kawai tasa. Kalaman na Dona Neuza ne, matarsa. Ita ke zaunar da mai laifi a teburin kicin, ta zuba masa gahawa, ta ce, “To, me ka yi mata? Kada ka rage min komai.” Ta saurara, ta yi masa faɗa daidai gwargwado, sannan ta rubuta abin da ya kamata a ce ya faɗa tun farko. Valdomiro ya yi ta bita da ƙarfi tana dafa wake, tana gyara masa daga bakin murhu: nan ka sassauta, nan ka ɗan yi shiru kamar kuka ya zo maka. Zanen zuciyoyin jikin motar ma ita ta yi su da hannunta, wani ya karkace, wani ya yi ƙiba. Sun fi shekara talatin a haka, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙorafi ba.

Abin ya fara ne ranar da aka sace lasifikan. Ya fito da safe ya tarar da kan motar fayau, wayoyi na reto. Ya sa farar rigarsa ya tafi caji ofis. Ɗan sandan da ya samu a kan tebur bai ce masa ya zauna ba, ya tambaye shi rasit ɗin kayan da ya saya tun 'yarsa tana goye, ya yi hamma a fuskarsa, ya kira shi “kaka” a gaban mutane, ya ce ya je gida za a neme shi. Ba a neme shi ba. Valdomiro ya sayi wasu lasifikan da ƙyar, amma yadda aka yi masa a ofishin nan bai gaya wa kowa ba, har Neuza. Ya haɗiye abin, ya zauna masa a ƙirji.

A wannan lokacin ne ya kamu da shirin yamma na talabijin, wanda wani ƙaton mutum yake bugun tebur da sanda yana nuna ɓarayi. Kullum ana kashe wani a babban birni, tafiyar kwana da yini daga inda muke, kullum Valdomiro yana ƙara wa tagoginsa ƙarfe. A Campo Manso kuwa, in ka ɗebe lasifikansa, babban laifin da aka yi a shekarar shi ne satar alade ɗaya, shi ma daga baya aka gane fita ya yi da ƙafarsa. Amma mai sandan yana faɗin abin da Valdomiro ya so ya faɗa wa ɗan sandan nan ya kasa, wato mutumin kirki ba shi da gata, ɓarawo ne ɗan lele. Yana ji yana gyaɗa kai, shinkafa na hucewa a faranti.

Sai Gilmar, mai shagon kayan gyaran tarakta, ya sa shi a wani zauren hira na waya mai suna Mutanen Kirki. Duk magoya bayan Kanar Teles ne, wani tsohon jami'in 'yan sanda da ya fito takarar gwamna da alkawarin bindiga ga kowane magidanci da kurkuku ga kowane ɗan iska. Direbobin tirela suna ciki, da masu kanti, da fasto guda biyu da ba sa ga-maciji da juna, da manyan manoman soya masu ƙatuwar mota. Masu karatun garinmu sun yi ta cewa ai wawaye ne aka tara, ni kuwa wannan magana tana ba ni haushi, don masu faɗinta ba su taɓa tambayar Valdomiro lafiyarsa ba. A zauren nan, 'ya'yan mutanen da suka kori ubansa daga gona suna ce masa “ɗan'uwa”. Idan ya ɗauki saƙon da aka turo ya karanta da muryar nan tasa ya mayar, sai yabo ya yi ta zubowa har wayar ta yi zafi. Mutumin da aka yi wa hamma a fuska, yau ga shi ana jiran jin ta bakinsa tun kafin ya wanke ido. Abin ya yi masa daɗi, kuma ban ga laifinsa a nan ba.

Laifinsa yana teburin cin abinci. Neuza tana magana yana cewa “uhum”, babban yatsa na tafiya a kan waya. Ta ce masa rufin bayan gida yana yoyo, ya ce ai haka ƙasar gaba ɗaya take yoyo. Ta ce 'yarsu ta kira, jaririn ya fara haƙori, ya ce Allah ya sa dai kada a lalata shi a makaranta.

Wata rana ya je shagon Gilmar, ya tarar da 'yan zauren suna shan gahawa a tsaye. Gilmar ya leƙa waje ya dubi motar, ya girgiza kai.

“Miro, ɗan'uwa, kai ba ka jin nauyi? Mu muna nan muna yaƙi da jajayen nan, kai kana yawo da tutarsu a gari.”

“Wace tuta? Jan soyayya ne wannan.”

“Ja dai ja ne. Jiya wani baƙo ya tambaye ni ko motar 'yan ƙwadago ce. Na ce a'a, ta wani dattijo ce da matarsa ke zaɓa masa launi.”

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma ta ciki na ciki. Ja shi ne launin jam'iyyar da ke hamayya da Kanar, kuma a shekarar nan akwai gidajen da har tumatir sai da aka yi masa kallon tuhuma. Da Neuza ta yi tafiyar 'yan kwanaki don ganin jikanta, Valdomiro ya kai motar wurin mai fenti. Ta fito kore da rawaya, launin magoya bayan Kanar, tun daga hanci har wutsiya, babu zuciya ko ɗaya.

Neuza ta dawo da hantsi, ta ajiye jaka, ta zagaya motar a hankali. Ta shafa ƙofar direba inda zuciyar farko take a da, wadda ta fi kowace karkacewa. Ta shiga ta dafa shinkafa da wake, ta soya ƙwai, ta zuba masa. Ya ci da hannu ɗaya, waya a ɗayan. Sai da ya gama ya ce, “Neuza, gahawa,” ya ji shiru, sannan ya gane ta jima da fita da jakar da ba ta ma kwance ba. Gidan ƙanwarta Iraci ta tafi, can bayan kasuwa.

Ya ce a ransa za ta huce. Kalamai kuwa ai ba wani abu ba ne, mutumin da ya shekara talatin yana karanta su ba zai rasa na faɗa ba. A makon ne Cleiton, wani bakanike mai kunyar tsiya, ya zo da matsalarsa: ya manta ranar haihuwar Jucilene, wadda zai aura, ya tafi kamun kifi da abokai, ita kuma ta mayar masa da zobe a cikin ledar burodi. Valdomiro ya ce ya kwantar da hankalinsa.

Tun da motar ta shigo layin aka fara samun matsala, don rabin mutanen sun ɗauka kamfe ne suka shige gida, rabi suka fito da tuta. Valdomiro ya kunna kiɗan, ya ɗauki makirufo. Farkon ya yi kyau.

“Jucilene, furen zuciyar Cleiton. Cleiton ya yi kuskure, ya sani, yana neman gafara.” Nan abin da ya tuna na Neuza ya ƙare. Ya yi shiru irin na kuka, ya lalubi kansa, bai samu komai ba sai abin da ya kwana yana saurara. “Amma Jucilene, kifi kawai ya je kamawa. Waɗanda suka wawure ƙasar nan fa, sun nemi gafarar wa? Iyali shi ne ginshiƙin al'umma, kuma akwai masu son rusa shi. Idan kika ƙi Cleiton, wa kika faranta wa? Ki tambayi kanki wa zai ji daɗi. Su suke so mu rabu, Jucilene, su da 'yan jaridarsu.”

Cleiton yana ta jan hannun rigar Valdomiro. Taga ta buɗe, Jucilene ta leƙo.

“Cleiton, ni ka zo nema ko ƙuri'a?”

Kafin ya amsa, ubanta, wanda malamin makaranta ne mai ritaya kuma ɗan ɓangaren jajaye, ya fito da bokitin ruwan wanke-wanke. Farar rigar Valdomiro ce ta sha mafi yawa. Daga ranar babu wanda ya sake kawo masa aikin biko, sai rasuwa da rangwamen nama.

Zaɓe ya zo, Kanar ya ci. Valdomiro ne a gaban jerin motocin murna, yana ta shela har muryarsa ta dushe, manoman soya suna rungumarsa. Da taron ya watse ya koma gida ya tarar da tukunyar waken da ya manta a wuta ta zama gawayi. Kanar ya tafi babban birni, zauren ya samu sabon abokin gaba cikin kwana biyu, rufin bayan gida ya ci gaba da yoyo. Valdomiro ya zauna a teburin kicin, ya dubi kujerar da masu laifi suke zama, ya ga shi ne a kai. Kewar Neuza ta kama shi sosai, irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Ya tafi gidan Iraci da ƙafa, da rana tsaka, yana fatan ba wanda zai gan shi. Iraci ta tare ƙofa da tsintsiya a hannu. Tun ranar aurensu take tsokanarsa, ba ta kuma yi niyyar dainawa yanzu ba.

“A'a, mijin yaya, kai ne a ƙasa? Ina jirgin yaƙin?”

“Iraci, don Allah kira min ita.”

“Mai bikon matan mutane ya zo nasa hannu rabbana. Ta ce in gaya maka, duk mai son ta ya zo yadda ake zuwa wa sauran mata. Da mota, da kiɗa, da jama'a. Ita ma mace ce.”

“To wa zai rubuta min?”

“Tambayi 'yan'uwanka na waya mana. Ba sun san komai ba?”

Ya kuwa tambaya. Gilmar ya turo masa wani dogon rubutu a kan yadda mace tagari take riƙe gida don ƙasa ta tsaya da ƙafarta. Valdomiro ya karanta, ya tuna da bokitin malamin makaranta, ya ajiye.

Ranar Asabar da yamma, layin su Iraci ya cika maƙil, don ita da kanta ta bi gida-gida ta sanar. Har masu sayar da masara sun zo. Motar kore da rawaya ta tsaya, kiɗa ya tashi, Valdomiro ya fito da farar riga da ya goge da kansa, shaidar dutsen guga a kafaɗa. Ya kai makirufo baki. Kiɗan ya yi ta tafiya har ya ƙare ya sake farawa, shi ko kalma. Gumi ya jiƙa masa wuya. Abu biyu kawai ya iya da ka ba tare da Neuza ba, sanarwar rasuwa da cigiya. Ya duba ya ga ba wanda ya mutu tukuna.

“Jama'a, ana cigiya,” ya ce, da muryar da yake cigiyar shanu. “Ana cigiyar wani dattijo, mai furfura, mai ɗan tumbi, yana amsa sunan Miro. Rabon da a gan shi tun yana zaune a teburin gidansa yana cin wake, ya sunkuya cikin waya, bai ɗago ba. Ba ya cizo. Bai iya dafa komai ba. Duk wanda ya gan shi ya taimaka ya miƙa shi ga Dona Neuza, ita kaɗai ta san yadda ake bi da shi. Babu tukuici, sai godiya.”

Aka fara dariya daga baya, ta taho gaba, sai kuma ta tsaya, don an ga mutumin ba wasa yake ba. Shirun da ya yi a ƙarshe ba wanda Neuza ta koya masa ba ne.

Ƙofa ta buɗe. Neuza ta fito da silifas, ta tsaya a gabansa ta dube shi sama da ƙasa.

“Wa ya goge maka rigar nan?”

“Ni.”

“Na gani. Kashe abin nan.”

“Bar shi a kunne, yaya, mu ma mu ji,” in ji Iraci daga taga.

Bai kashe ba, ya ma manta makirufo na hannunsa. Saboda haka duk layin ya ji lokacin da ya ce mata ya san siyasarsa ce ba ta so, amma ta yi haƙuri, ƙasar ce ta lalace.

“Wace siyasa? Ni ma Kanar ɗin na zaɓa, tsohon banza.”

“Ke?” in ji Valdomiro.

“Ƙwaya ta cinye yara biyu a cocinmu, fasto ya ce shi ne zai yi maganin masu sayarwa, na ce to a gwada. Iraci kuwa jajayen ta zaɓa.”

“Kuma gobe ma su zan zaɓa,” in ji Iraci. “Ba mai ihun nan ba.”

“Ka ji. Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, tukunya ɗaya muke ci. Ni ƙuri'a na ba mutumin nan, Miro, na dawo gida na ɗora wake. Kai kujerata ka ba shi, da kunnenka, har da zanen da na yi da hannuna.”

Ta sa hannu a aljihun riga ta fito da ƙaramar kwalbar jan farce, ta miƙa masa, ta nuna ƙofar direba. Ta ce guda ɗaya ya isa, amma shi zai zana.

Valdomiro ya dubi kwalbar, ya dubi jama'a. Wayoyi sun fi goma a sama suna ɗauka, kuma ya san fuskoki uku ko huɗu daga zauren. Ya san inda hoton zai kai kafin fentin ya bushe. Ya jima a tsaye, har Neuza ta fara juyawa za ta koma ciki. Sai ya durƙusa a kan gwiwoyin da suka daɗe da daina son durƙuso, ya buɗe kwalbar, ya zana zuciya ja a kan koren fentin. Ta fito kamar dankalin da aka taka. Matan layin suka yi ta tafi, Iraci ta wurgo jakar yayarta ta taga.

Tun a hanya wayar take kuka a aljihunsa. Da suka isa gida Neuza ta tsaya ta ƙare wa tukunyar da ta ƙone kallo, ta ɗauko wata. Shi kuwa ya zauna ya buɗe. Hoton ya riga shi isa. Wani ya rubuta maci amana, wani ya ce dama ya daɗe yana zarginsa, wani manomin soya da ya rungume shi ranar murna ya ce a binciki wa ke biyansa. Valdomiro ya danna zai yi musu bayani da muryar nan da suke so, sai ya ga wurin magana ya ɓace. Gilmar ya cire shi.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutanen nan ya kwana da su ya tashi da su, kuma da gaske ya ɗauka 'yan'uwansa ne.

“Sun cire ni, Neuza.”

“Uhum.”

“Ko tambayata ba su yi ba.”

Ta ajiye masa faranti, ta ja kujerarta ta zauna a gabansa. “Ci, kada ya huce.”

Ya kife wayar, ya ɗauki cokali, ya ajiye. Ya ce, “Kin tuna ranar da aka sace lasifikan nan, da na je caji ofis? Ban taɓa gaya miki abin da mutumin nan ya yi min ba.”

Neuza ta ture farantinta gefe, ta zuba masa gahawa. “To, me ya yi maka? Kada ka rage min komai.”

Ya fara ba ta labari tun daga bakin ƙofar ofishin, a hankali, da wata ƙaramar murya da ba ta kai ko tsakar gida ba. Abincin ya huce a gabansu, ba wanda ya kula.